Enzayim Ɗin Da Zafi Ba Ya Kashewa: Daga Ruwan Zafin Yellowstone Zuwa Ɗakin Gwajin Asibiti

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai haɗa kunun zaƙi zai lura da wata ƙa'ida da ba ta karyawa. Bayan ta markaɗa gero ko dawa, sai ta raba gasarar gida biyu. Kaso mai yawa ta dama shi da tafasasshen ruwa har ya yi kauri kamar koko. Ɗaya kason kuwa, wanda aka markaɗa tare da dankalin Hausa ko tsiron shinkafa, ba ta zuba shi nan take. Sai ta bar damun ya ɗan sha iska tukuna. Idan ta zuba a daidai lokaci, kunun zai tsinke ya fara zaƙi tun kafin a sa masa sukari. Idan ta yi gaggawa ta zuba yana tsananin tururi, kunun ba zai tsinke yadda ake so ba, zaƙin ma ba zai fito ba.

Abin da take karewa da wannan jira shi ne wani sinadari da ke cikin dankalin da tsiron, wanda masana ke kira amiles. Aikinsa ya daddatsa sitaci ya mayar da shi sukari. Irinsa ne a cikin yawunmu, shi ya sa koko ke tsinkewa idan yaro ya yi ta lasar cokali yana mayarwa cikin kofi. Amiles ɗaya ne daga dubban sinadarai da ake kira enzayim, kuma kusan dukkansu suna da rauni guda: ɗumi na ƙara musu kuzari, amma zafin da ya wuce kima na kashe su.

Mun ce kusan dukkansu. Akwai waɗanda suka saɓa wa wannan ƙa'ida, kuma ɗaya daga cikinsu ne ke aiki a gwajin korona, da na tarin tibi, da na zazzaɓin Lassa.

Me ya sa zafi ke lalata enzayim?

Enzayim ma'aikaci ne a cikin jikin kowane abu mai rai. Yana hanzarta aikin da in an bar shi zai ɗauki shekaru, ya gama shi cikin daƙiƙa, shi kuma ba ya ƙarewa. Narkar da tuwon da ka ci, da gina tsoka, da kwafar bayanan gado duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu, duk aikin enzayim ne.

Yawancinsu furotin ne, wato dogon zare da aka jera da ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid, kamar yadda ake jera duwatsun tsakiya. Zaren ba ya zama a miƙe. Yana nannaɗewa ya ɗauki wata siffa ta musamman mai ɗan rami a jiki, kuma a wannan ramin ne abin da za a sarrafa yake shiga, kamar mabuɗi a kwaɗo. Abubuwan da ke riƙe da naɗin ba su da ƙarfi sosai. Zafi kuwa motsi ne: gwargwadon zafin abu, gwargwadon yadda ƙwayoyinsa ke karkarwa. Idan karkarwar ta yi yawa sai naɗin ya kwance, ramin ya ɓace, aiki ya tsaya.

Kowa ya taɓa ganin wannan da idonsa. Farin ƙwai furotin ne. Da ya haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas sai ya fara daskarewa ya yi fari, kuma ko an sa shi a firji ba zai koma ruwa ba. Enzayim ɗin jikin ɗan Adam sun fi jin daɗin aiki a wajen digiri 37. Saboda haka masana suka daɗe suna ɗaukar cewa ruwan da ya kusa tafasa kufai ne, babu mai rai a ciki.

Malami da ɗalibinsa a bakin ruwan zafi

Gandun dajin Yellowstone, wanda mafi yawansa ke jihar Wyoming ta Amurka, yana zaune ne a kan dutse mai aman wuta. Ruwan sama na shiga ƙasa, ya tarar da duwatsu masu zafi, ya dawo waje yana tururi ta dubban maɓuɓɓugai. Saboda tudun wurin, ruwa na tafasa a can a wajen digiri 93 maimakon 100.

A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin ƙananan halittu daga Jami'ar Indiana, Thomas Brock, ya fara zuwa wurin. Ba magani yake nema ba, ba kuma wani kamfani ne ya aike shi ba. Tambaya ce kawai ke damunsa: a wane zafi ne rayuwa ke tsayawa? A magudanar wata maɓuɓɓuga ya ga wasu zare-zare masu launin hoda suna lilo a cikin ruwan da zafinsa ya haura digiri 80. Ya yi wata dabara mai sauƙi wadda ɗalibin sakandare ma zai iya: ya ɗaura 'yan gilasan madubin ƙara girma da zare, ya jefa cikin ruwan, ya bar su kwanaki. Da ya ciro ya duba, sai ga bakteriya sun yi dafifi a jikin gilashin. Ke nan a cikin ruwan suke hayayyafa, ba iska ce ta kwaso su ta zubar ba.

A watan Satumba na 1966, Brock da wani ɗalibinsa da bai ma gama digirin farko ba, Hudson Freeze, suka ɗebo samfuri daga maɓuɓɓugar da ake kira Mushroom Spring. Freeze ne ya yi ɗawainiyar renon samfurin a ɗakin gwaje-gwaje. Asirin kawai shi ne ya ajiye shi a zafin digiri 70, inda masu bincike na baya ke tsayawa a wajen 55. A 1969 suka wallafa bayanin sabuwar bakteriya, suka raɗa mata suna Thermus aquaticus, wato mai zama a ruwan zafi. Suka kai samfurinta wata ma'ajiyar ƙananan halittu ta Amurka, inda kowane mai bincike zai iya saye da 'yan daloli.

Wani abin dariya shi ne, bayan 'yan shekaru Brock ya gano irin waɗannan bakteriya a tankunan ruwan zafi na gidaje da na wuraren wanki. Suna nan kusa da mutane tun tuni, babu dai wanda ya neme su a zafin da suke so.

A 1976 wata ɗaliba a Jami'ar Cincinnati, Alice Chien, tare da malaminta John Trela da abokin aikinsu David Edgar, suka ciro daga wannan bakteriya enzayim ɗin da ke kwafar DNA, wanda ake kira folimares. Suka nuna ya fi ƙarfin aiki a wajen digiri 80. Aka buga, aka ajiye. Kusan shekara 10 ba a damu da shi sosai ba.

Tufka da warwara mai riba

DNA shi ne littafin gado na kowane mai rai, rubutacce da haruffa huɗu: A, T, G da C. Siffarsa kamar igiya ce mai sili biyu da aka tufke, kuma silin biyu abokan juna ne: inda ɗaya ke da A ɗayan na da T, inda ke da G ɗayan na da C. Saboda haka in ka ba folimares sili guda, zai iya gina masa abokinsa.

Matsalar likita ita ce ƙaranci. A ɗigon jini ko majina, DNA ɗin ƙwayar cutar da ake nema bai taka kara ya karya ba, ya ɓace a cikin na majinyacin kansa. A 1983 wani masanin kimiyyar sinadarai a kamfanin Cetus na jihar Kalifoniya, Kary Mullis, ya fito da hanyar da za a zaɓi guntun da ake so kaɗai a yi ta kwafarsa har ya yi yawan da za a gan shi. Ita ce ake kira PCR.

Matakai uku ne ake maimaitawa. Da farko a dafa samfurin zuwa wajen digiri 95, igiyar ta warware sili biyu. Sai a sauke zafin zuwa tsakanin 50 da 65, wasu 'yan gajerun guntayen DNA da aka ƙera musamman su manne a farko da ƙarshen wurin da ake nema, su zama alama. Sannan folimares ya kama daga alamar ya gina wa kowane sili sabon aboki. Igiya ɗaya ta zama biyu. A sake dafawa, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Hausawa na cewa tufka da warwara ga aikin da ba ya ci gaba, to ga wadda kowace warwara ke ninka riba. Ɗauki kalkuleta ka ninka 2 da kanta sau 30: za ka samu 1,073,741,824. Kwafi sama da biliyan guda daga ƙwaya ɗaya, cikin 'yan sa'o'i.

Amma akwai cikas, kuma irin na mai kunun zaƙi ne. Folimares ɗin da suka fara amfani da shi daga bakteriyar hanji E. coli aka samo shi, wadda ta saba da digiri 37. Duk lokacin da aka kai 95 sai ya mutu. Dole ma'aikaci ya tsaya da agogo a hannu, yana ɗauke kwalaben gwaji daga wannan kwanon ruwan zafi zuwa wancan, yana buɗe kowace yana ƙara sabon enzayim, zagaye bayan zagaye. Ga tsada, ga gajiya, ga kuma haɗarin gurɓata samfuri a kowace buɗewa.

Duk da haka sun gwada hanyar a kan cuta ta gaske, kuma cutar da suka zaɓa tamu ce. A 1985 Randall Saiki da abokan aikinsa a Cetus suka wallafa cewa da PCR sun iya tantance sikila cikin ƙasa da kwana guda. Sikila harafi ɗaya ce: inda ya kamata a samu GAG a wani wuri a littafin gado, sai a samu GTG, wannan ya canza amino asid guda a furotin ɗin jini. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da amosanin jini, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da AS. Kada dai a ruɗe: gwajin jinotayif da ake yi kafin aure galibi furotin ɗin jini yake dubawa, da wata hanya daban. PCR na shigowa ne a inda ake bukatar duba DNA ɗin kai tsaye, misali na ɗan tayi a ciki.

Daga nan masu binciken Cetus, ciki har da David Gelfand da Susanne Stoffel, suka waiwayi bakteriyar Brock. Suka tace folimares ɗinta, wanda aka taƙaita sunansa zuwa Taq. A digiri 95, sai bayan wajen minti 40 ne rabin Taq ke lalacewa, alhali kowane zagaye na PCR bai fi minti guda yake yi a wannan zafin ba. Ke nan sau ɗaya za a zuba shi, a rufe kwalba, a bar na'ura ta yi ta hawa da sauka da zafi ita kaɗai. Sai kuma ga wata garaɓasa: da yake Taq na gini a digiri 72, alamomin ba sa samun damar mannewa a wurin da ba nasu ba, sakamakon ya fi fitowa tsaf. Aka wallafa wannan a 1988. A 1989 mujallar Science ta zaɓi wannan enzayim a matsayin sinadarin shekara, a 1993 kuma Mullis ya samu kyautar Nobel.

Mene ne sirrinsa?

Mai karatu zai zaci an gina Taq da wani abu na daban. A'a, amino asid 20 ɗin nan ne dai, irin na farin ƙwai. Bambancin yana wajen jeri da naɗi. Enzayim masu jure zafi sukan fi yawan wuraren da ɓangare mai cajin lantarki na ƙari ke riƙe da mai cajin ragi, kamar ƙarin ƙulli a ɗaurin kaya. Cikinsu a cushe yake ba gurbin da ruwa zai kutsa, kuma ba su da dogayen lanƙwasa masu reto a waje, waɗanda daga nan warwarewa ke farawa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa shi kaɗai, taruwa suke yi.

Ƙarfin yana da farashi. Enzayim na bukatar ɗan motsi kafin ya yi aiki, to wanda aka ɗaure tamau sai zafi ya sassauta shi. A zafin jikinmu Taq kusan barci yake yi. Yana da wani aibin kuma: idan ya sa harafin da ba daidai ba, ba ya komawa ya gyara. Shi ya sa a aikin da ke bukatar kwafi marar kuskure ake amfani da Pfu, folimares na wata halitta mai suna Pyrococcus furiosus, wadda Karl Stetter da Gerhard Fiala suka bayyana a 1986 daga gaɓar tsibirin Vulcano na Italiya. Ita digiri 100 ne inda ta fi walwala. Wadda ta fi kowa zuwa yanzu ita ce Methanopyrus kandleri, daga ramukan ruwan zafi na ƙarƙashin teku, inda nauyin ruwa ke hana shi tafasa. A 2008 masana a Japan suka nuna tana hayayyafa a digiri 122. Tukunyar matsi da asibitoci ke dafa kayan tiyata don kashe ƙwayoyin cuta a 121 take aiki.

A asibitocinmu

Da PCR aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya, a Legas, ranar 27 ga Fabrairu, 2020. Da ita ake tabbatar da zazzaɓin Lassa. Jaririn da mahaifiyarsa ke ɗauke da HIV, gwajin nan na gaggawa ba ya faɗin gaskiyar halinsa, domin garkuwar uwar na iya zama a jininsa har wata 18. Sai an ɗiga jininsa a kan takarda ta musamman an kai inda za a nemi ƙwayar cutar kanta da PCR. Ɗakunan gwajin shan inna na Ibadan da Maiduguri ma da ita suke bambance ƙwayar daji da ta rigakafi, aikin da ya taimaka har aka ayyana yankin Afirka ya rabu da ƙwayar daji ranar 25 ga Agusta, 2020. Na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin tibi, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, PCR ce a cikin ɗan akwati, tana ba da sakamako cikin wajen awa biyu.

Sai dai waɗannan na'urori na son wutar lantarki marar yankewa da ɗaki mai sanyi, abubuwan da asibitin karkara a watan Afrilu ba ya da tabbacinsu. A nan wani enzayim mai son zafi ke da muhimmanci a gare mu. Sunansa Bst, kuma yana iya ture silin DNA ya raba su da kansa yayin da yake gini, ba sai an kai digiri 95 ba. A kansa masana a Japan suka gina hanyar LAMP a shekarar 2000, wadda ke aiki a zafi guda, wajen digiri 65, ba hawa ba sauka. Na'urarta ta fi sauƙi, ana kuma iya ganin sakamakon da ido. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a gwajin tarin tibi.

Wa ya ci ribar?

A 1991 kamfanin Roche na Switzerland ya sayi haƙƙin mallakar PCR daga Cetus a kan dala miliyan 300. Mullis tukuicin dala 10,000 ya samu daga kamfaninsa. Gandun Yellowstone, inda aka ɗebo bakteriyar, bai samu kaso ba, haka Brock da Freeze, sai lambar girmamawa da aka ba su a 2013. A ganina babu wanda ya yi sata a nan, domin a 1966 ba wanda ya san darajar cokalin ruwan, kuma ba don Brock ya ajiye samfurin inda kowa zai samu ba, da Cetus ba ta same shi cikin sauƙi ba. Amma darasin ya shiga. A 1997 hukumar gandun ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfani cewa za a ba ta kaso daga duk abin da aka samu, a 2010 kuma ƙasashe suka amince da Yarjejeniyar Nagoya, wadda ta ce mai ɗibar halittun wata ƙasa sai ya nemi izini ya kuma raba amfani da ita.

Wannan ya shafe mu, ko da yake ruwan Wikki na Yankari a digiri 31 yake, ɗumin wanka kawai. Ba sai da dutse mai aman wuta ake samun masu son zafi ba. Amiles ɗin da masana'antu ke narkar da sitacin masara ko rogo da shi a digiri 95 zuwa 105, don yin ruwan sukarin alewa da biskit, daga wata bakteriyar ƙasa ce mai suna Bacillus licheniformis, kuma tun 1973 wani kamfanin Denmark ke sayar da shi. Tarin taki ko juji da ke ruɓewa, cikinsa kan kai digiri 60 zuwa 70, wanda duk ya taɓa tona shi da sassafe ya ga tururi.

Daga irin wannan tarin ganyaye ne masana a Jami'ar Osaka suka gano wani enzayim a 2012 mai iya cin robar gorar ruwa da ta lemo. Robar ba ta sakin jiki sai a wajen digiri 70, don haka sai mai jure zafi ne zai iya da ita. Masu bincike a Faransa suka canza masa 'yan amino asid, suka ƙara masa ƙulli guda, a 2020 suka wallafa cewa a digiri 72 ya narkar da kashi 90 cikin 100 na robar cikin awa 10, aka kuma sake yin sababbin goruna da abin da ya fito. Ledar fiya wata da ta toshe mana magudanai kuwa wata irin roba ce daban, wannan enzayim ba ya taɓa ta.